Badaru da Lambar Ɗakin Likita

Badaruddeen Yamusa ne sunansa a takarda, amma a Karu, inda muka yi shekara goma sha ɗaya muna haya a gida ɗaya, Badaru Mai Intakom kowa ke ce masa. Mutumin Zariya ne, daga Tudun Wada. Ya zo Abuja yana da shekara ashirin da biyu, da takardar makarantar koyon sana'a a cikin leda, ya fara da jan waya a cikin silin a ƙarƙashin wani ɗan kwangila. Da maigidan ya ga aikinsa da tsafta, sai ya bar shi ya fara taɓa akwatin.

Akwatin shi ne asalin sana'ar. Duk ma'aikatar da ke da wayoyin tebur tana da wani akwati manne a bango, yawanci a ɗan ɗakin da ba a cika shiga ba, kuma wayoyin ginin gaba ɗaya a cikinsa suke haɗuwa, kowace da bakin da take shiga. Akwatin ba ya sanin komai sai abin da aka gaya masa, Badaru kuwa shi ne mai gaya masan. Zai jona laftof ɗinsa, ya zauna a kan kwali ko bokitin fenti, ya raba wa kowane ɗaki lambarsa. Ya toshe wa masinja kiran waje, ya buɗe wa oga. Ya tsara cewa in sakatariya ba ta ɗauka ba bayan ƙara huɗu, kiran ya tsallaka tebur na gaba.

Zuwan wayar hannu ya cinye rabin kasuwarsa, amma otal-otal da makarantu da asibitoci ba su rabu da wayar tebur ba, don haka bai rasa na tuwo ba. Da wannan aikin ya auri Lantana, da shi ya sa 'ya'yansu huɗu a makaranta. Mutum ne mara yawan magana. Abu ɗaya na san yana alfahari da shi: ba ya barin gini sai ya bi ɗaki-ɗaki, ya kira kowace waya, ya ji ƙararta da kunnensa.

Abin da zan faɗa, shi ya ba ni labarinsa da bakinsa, wajen shekara biyu bayan ya faru, muna zaune a benci a ƙofar gida bayan la'asar. Da muryar da yake faɗin kuɗin mota zuwa Wuse ya faɗe shi.

Akwai wani asibitin kuɗi a cikin gari, bene hawa ɗaya, da ya shekara takwas yana kula da wayoyinsa. Wata Juma'a manajan asibitin, Oga Dominic, ya kira shi da hantsi. An yi gyaran gini, an sauko da ɗakin likitan da ke kan aiki daga sama zuwa ƙasa.

"Malam Badaru, ɗakin likita ya koma ƙasa," in ji Dominic da irin Hausarsa. "Ka sa lamba nashi ya bi shi. Ɗari da biyu."

Aikin minti biyar ne. Wayar sabon ɗakin tana shiga baki na talatin da biyu a akwatin. Badaru ya buɗe laftof, ya nemo ɗari da biyu, ya rubuta bakin, ya adana. Da ya je gwadawa sai ya tarar da ɗakin a kulle.

"Makulli yana hannun mai fenti, ya tafi cin abinci," in ji Dominic. "Ka jira shi ko ka gwada daga nan."

Badaru ya ɗauki wayar risefshan ya danna ɗari da biyu. Ya ji tana shiga a kunnensa. Janareto na ruri a bayan ginin, don haka bai iya jin ko tana ƙara a bayan ƙofar ba, amma ya san in layi ya mutu ba haka yake yi ba. An riga an yi kiran sallar farko. Ya naɗe igiyarsa ya tafi masallaci.

Ranar Litinin da safe Dominic ya sake kira, ya ce wayar ɗakin likita ba ta ƙara, ya zo yanzu. Badaru ya shiga mota daga Karu, suka yi awa guda a cunkoson hanyar Nyanya. Yana buɗe laftof ya ga abin. Inda ya kamata ya rubuta talatin da biyu, ashirin da uku ya rubuta. Ya juya lambobin. Baki na ashirin da uku kuwa na wani tsohon sito ne a sama, inda wata waya ke ajiye a ƙasa a bayan kwalayen safar hannu. Ya goge, ya rubuta daidai, ya sauka ya kira, wayar ɗakin likita ta yi ƙara a gabansa.

Akwatin yana ajiye jerin duk kiran da aka yi a ginin. Badaru ya buɗe jerin, don al'adarsa ce bayan kowane gyara. Ranar Lahadi, daga ƙarfe uku da minti goma sha biyu na rana zuwa uku da minti ashirin da shida, ɗaki mai lamba ɗari da sha huɗu ya kira ɗari da biyu sau tara. Ba a ɗauka ba ko sau ɗaya. Shi ya raba lambobin ginin, ya san ɗari da sha huɗu ɗakin masu haihuwa ne.

Da ya fito, sai ya ga wata nas da ya sani, Vivian, zaune a benci a ƙofar ofishin manaja. Kayan gida ne a jikinta, ba na aiki ba.

"Sista, me ya faru jiya a ɗakin haihuwa?"

Ta dube shi kamar ba ta gane shi ba, sannan ta faɗa masa. Wata mata ta haihu da azahar lafiya lau, ɗa namiji. Wajen ƙarfe uku jini ya ɓalle mata. Vivian ce kaɗai a sama, abokiyar aikinta ta sauka karɓo magani. Dokar asibitin ta hana nas riƙe wayar hannu a bakin aiki, tata na kulle a cikin kabad. Ta danne cikin matar da hannu ɗaya, kamar yadda aka koya musu, ta jawo wayar tebur da ɗayan.

"Yana shiga, Malam. Ina ji yana shiga. Na ce yanzu zai ɗauka. Ba zan iya cire hannu na ba, in na cire jini yana zuwa kamar famfo."

Daga ƙarshe surukar matar, tsohuwa mai ciwon gwiwa, ita ta lallaɓa ta sauka bene ta nemo likita. Yana zaune a ɗakinsa yana rubutu. Matar ta rasu kafin magariba. Likita ya ce wayarsa ba ta yi ƙara ba, masu asibiti suka ce to nas ba ta kira ba ke nan, ko ta ruɗe ta danna wata lamba.

Badaru ya ce mini ya tsaya yana jiran ya ji wani abu, ko faɗuwar gaba, ko rawar ƙafa. Bai ji ba. Ya lura dai cewa an yi wa bangon sabon fenti ruwan madara, kuma mai fentin ya ɗiga a kan tayil.

Ya shiga wajen Dominic ya rufe ƙofa.

"Ka gyara?"

"Na gyara, Oga. Amma daga wajena matsalar take. Ranar Juma'a na juya lamba. Yarinyar nan ta kira sau tara, ga shi a rubuce."

Dominic bai kalli laftof ɗin ba. Ya cire tabarau ya murza idonsa.

"Malam, ba wanda ya tambaye ka. Mutanen sun ɗauki gawa jiya, sun ce ƙaddara ne. Likita ma ya ce ko ya hau da wuri, jinin ya yi yawa. Kana so ka tada magana da ya riga ya kwanta?"

"Ita fa Sista?"

"Wannan maganar masu asibiti ne. Ba naka ba, ba nawa ba."

Badaru ya sake maimaita abin da ya faɗa, a hankali, kamar mai karanta lamba. Dominic ya ce ya ji, zai gaya wa masu asibiti. Da Badaru ya fito, Vivian na nan a bencin. Ya wuce ta gabanta da jakarsa. A ranar aka sallame ta.

Daga asibitin wani otal ya wuce a Utako, inda wayoyin hawa na uku suka daina kiran kicin. Ya gyara. Ya dawo gida, Lantana ta kawo tuwo miyar kuɓewa, ya ci ya wanke hannu. Na tuna lokacin, ko da yake ban san dalili ba. Ya daina zama a majalisarmu. In ya zauna kuma, sai a gama gardamar ƙwallo kaf bai sa baki ba. Ƙaramar 'yarsa Yusra ta zo ta ɗaya a ajinsu, ta kawo masa takardar da gudu, ya duba ya ce madalla, ya miƙa mata. Yarinyar ta tsaya tana jiran saura, babu saura.

Bayan sati uku Lantana ta tsare shi.

"Baban Mubarak, ko dai wani abu na yi maka?"

Ya gaya mata. Ita ta yi kukan, shi yana zaune yana kallonta. Ta ce ya je ya ga liman. Liman ya saurare shi har ƙarshe, ya yi masa tambayoyi, ya ce a fahimtarsa wannan bai kai kisan kuskure ba, tunda ba hannunsa ne ya taɓa matar ba, kuma ba wanda ya san ko da za ta tashi. Ya ce ya yawaita istigfari, ya yi mata addu'a. Duk da haka Badaru ya ɗauki azumin wata biyu a jere. Ya ce mini bai sha wahala ba, don yunwar ma ba ya ji. Ranar da ya cika sittin ya sha ruwa da dabino uku, ya jira ya ji an sauke masa wani abu. Washegari ya tashi kamar jiya.

Sai bayan wata bakwai ya nemi Vivian. Mai gadin asibitin ya ce masa 'yar Orozo ce, ta koma gida. Wata Asabar ya shiga motar Karshi ya sauka a Orozo, ya yi ta tambaya har aka nuna masa wata rumfar kwano a ƙofar gidan mahaifinta. Doya take sayarwa, daga gonar gidan, da manja a kwalabe da garin rogo. Ta rame. Ta gane shi nan take, ta tura masa kujerar roba da ƙafa.

Ya fito da takardu biyu daga jaka. Ɗaya jerin kiran ranar Lahadin ne, ya buga shi a takarda ya ja layi ƙarƙashin guda taran. Ɗayar wasiƙa ce da ya rubuta da Turanci, ya bayyana kuskurensa, ya sa hannu da lambar wayarsa.

"Sista, ni na juya lambar. Kiranki sito yake tafiya. Na gaya wa Oga Dominic tun ranar, amma ke ban gaya miki ba."

Ta karanta jerin tana bin sa da yatsa. Ta daɗe a kai.

"Tara," ta ce. "Ni na ɗauka biyar ne."

"Tara ne."

"Sun ce ban kira ba, har na fara tunani ko gaskiya ban danna daidai ba. Kullum ina danna shi a kai na. Ɗaya, sifiri, biyu."

"Daidai kika danna."

Wata mata ta zo sayen doya, Vivian ta tashi suka yi ciniki, ta ɗaure mata uku da igiya, ta dawo ta zauna. Badaru ya ce in tana son neman aiki a wani asibitin, ta nuna wasiƙar, kuma duk wanda ya kira shi zai faɗi gaskiya. In tana son kai ƙara ma, zai tsaya.

"Ban iya shiga ɗakin haihuwa kuma, Malam. Na gwada a wani ƙaramin asibiti a Karshi, sati biyu na yi. Hannu na baya tsayawa."

Ya ce ta yafe masa. Ta ce to, ta ji. Ba ta ce ta yafe ba, ba ta ce ba ta yafe ba. Ta ninke takardun biyu ta sa a cikin robar da take ajiye canji, ta tambaye shi ko zai sha ruwa. Ya sha. Ya sayi doya huɗu, ya ɗauko su a kafaɗa har bakin titi.

Ba ta taɓa kiransa ba, kuma ba wanda ya taɓa kiransa a kan wasiƙar. Sunan matar da ta rasu bai sani ba har yau. Ya taɓa tambayar Dominic, Dominic ya ce sai an duba fayil, maganar ta tsaya nan. Yaron dai ya ji an ce ya rayu, dangin uban sun tafi da shi Katsina.

Na tambaye shi ko ya bar aiki da asibitin. Ya ce a'a. Ba wanda ya san akwatin kamarsa, in ya bari wani za su kawo ya fara lalube. Duk wata uku yana zuwa ya duba, su gaisa da Dominic, ya sa hannu a littafin baƙi. Dokar wayar hannu an janye ta ba tare da sanarwa ba, yanzu kowace nas da tata a aljihu.

Bana shekararsa arba'in da tara. Gashinsa ya yi fari, ya fara sa tabarau in zai karanta lambobin jikin akwati. Mubarak, babban ɗansa, yana karatun kwamfuta a Keffi, ya ce shi ba zai gaji wannan sana'ar ba. Bara na tashi daga gidan na koma Orozo, saboda haya a Karu ta fi ƙarfina. Ina wucewa ta rumfar Vivian wani lokaci. Ta ƙara da sayar da gawayi. Badaru kuwa mukan haɗu a tashar motar Karu da safe, jakar laftof a kafaɗa. In na ce ina aka nufa yau, sai ya ce Jabi, ko Gudu, ko wata makaranta a Lugbe da tsawa ta ƙone musu akwati, sannan ya shiga layi.