Kafaɗar Mika'ilu Wanzami

A ƙauyukan da ke gefen Kunci, da wuya ka sami kan da askar Mika'ilu ba ta bi ba ranar suna. Gadon gidansu ne wanzanci, kuma hannunsa sanyi gare shi, har jariri kan yi barci ana yi masa aski.

Shekarar babban fari, da gero ya ƙone a tsaye, sanƙarau ya kwantar da shi. Ya tashi, amma kafaɗarsa ta dama ta koyi wata tsiya: haka kawai sai ta zabura, ido ya ƙifta, wuya ya karkace. Mutum ya haura arba'in, bai taɓa yin haka ba ko yana yaro.

Nan fa kowa ya zama likita. Tsofaffi suka ce iska ce ta tsamiyar bakin rafi. Wasu suka ce sammu ne. Malamin asibiti ya ce mai yiwuwa ciwon ne ya taɓa ƙwaƙwalwa, ko ƙwayar hana gajiya da ya riƙa sha don noma gonar da ba ta ba shi komai ba. Matarsa Kulu ta ce baƙin ciki ne kurum. Shi dai Mika'ilu abu ɗaya ya sani: da ya riƙe aska, kafaɗar sai ta yi lakwas. To, amma wace uwa ce za ta ba da kan ɗanta a gwada?

Aka daina kiransa. In ya ji guɗar suna daga wani gida, sai ya ɗauko zabira ya zauna yana wasa askar da ba mai nema. Ba naman suna yake kewa ba, ko da yake ana yunwa. Ɗumin kan jariri a tafin hannu yake kewa.

Da 'yarsa Hure ta zo gida haihuwar fari, ya sa rai. Ranar suna sai dangin mijinta suka zo da nasu wanzamin, ya yi aski a tsakar gidan Mika'ilu, shi kuwa yana zaure kafaɗa na ta tsalle.

Da la'asar, baƙi sun watse, Hure ta leƙo zauren da jaririn a hannu.

"Baba, wanzamin nan fa bai iya aiki ba. Dubi, ya bar gashi a ƙeya."

Mika'ilu ya duba. Ɗan gashi ne kamar faɗin babban yatsa, an kewaye shi tsaf. Wanzami ba ya mantuwa irin wannan, sai in roƙonsa aka yi.

"Ba kya tsoro, Hure?"

"Wa ya yi mini nawa?" in ji ta, ta ɗora masa yaron a cinya.

Ya jiƙa ƙeyar da ruwan ɗumi, ya buɗe aska, ya yi bisimilla. Aikin da bai fi jan aska biyu ba, ya daɗe yana yinsa, don ba ya son ya ƙare.