Esin Baya

Shekarar da man fetur ya yi tashin da ba mu taɓa gani ba, ina koyarwa a wata makarantar kuɗi a birni, ina kuma da wata tsohuwar mota mai kujeru layi uku da na saya tun ana zaman lafiya. Esinta, wato na'urar sanyaya iska, biyu ne, na gaba da na baya, amma makunnin na bayan yana kusa da sitiyari, sai direba ya ga dama. Tunda mai ya yi tsada na daina taɓa shi. Wani abokin aikina ya ce min shi ne ke zuƙe mai, ni kuwa na riƙe.

Cikin bazarar nan aka aiko min daga ƙauyenmu, gaba da Gezawa kaɗan, cewa yanar idon Gwaggo ta yi tsanani. Gwaggo yayar mahaifina ce, a ɗakinta na tashi bayan rasuwar mahaifiyata. Na je da safe na ɗauko ta zuwa asibitin ido. Na buɗe mata gaba, ta ce a'a, ita ba ta zama gaba kamar kwandasta. Ta shiga baya ta rungume ƙunshin kayanta.

Kafin mu bar ƙauye rana ta take. Gonaki duk a share, ba ko ɗan kore, an jibge taki tuli-tuli ana jiran ruwa. Hanyar burji ce mai ƙura, don haka na rufe gilasai, na kunna esin gaba a kan mafi ƙanƙanta, na karkato da shi saitin fuskata. Ta madubi ina hango Gwaggo tana fifita da bakin mayafi, gumi na bin wuyanta.

"Ɗan nan," in ji ta, "ba wannan ce motar da ka kai mu biki bara ba, mai hura sanyi ta sama?"

"Ita ce, Gwaggo. Na bayan ne ya lalace."

"Ayya. Allah ya hore na gyara."

Na ce amin. Idona yana kan allurar mai.

Mun wuce Gezawa ke nan na hango wata mota a gefen titi an ɗaga bonet. Kusa da ita mai makarantarmu ne, wani Alhaji da ke harkar hatsi a Dawanau, shi da matarsa a ƙarƙashin wata darbejiya. Na taka birki, na fito har da ɗan gudu. Daga ta'aziyya suke, motar ta yi zafi ta tsaya. Alhaji ya bar direbansa da ita ya shiga gaba, Hajiya ta shiga baya kusa da Gwaggo, suka gaisa.

Ba wanda ya roƙe ni komai. Alhaji bai ce ba, Hajiya ba ta ce ba. Ina tayar da mota hannuna ya tafi da kansa ya danna makunnin, ya yi ƙas. Iska mai sanyi ta fara sauka daga rufin baya da ƙarfinta. Sai da na ji hucinta sannan na tuna abin da na faɗa.

Na dubi madubi. Gwaggo ta ɗaga fuska sama, ta daina fifita. Ta miƙa tafin hannu saitin inda iskar ke fitowa, ta daɗe a haka.

"Kai, Malam, motarka akwai sanyi," in ji Hajiya.

Na jira Gwaggo ta ce wani abu. Abin da ta ce kawai shi ne, "Yaron kirki ne, Hajiya. Ni na raine shi."

Alhaji ya yi ta ba ni labarin farashin gero da masara har muka shiga birni. Ina cewa "Haka ne, Alhaji," ban san me nake amsawa ba. Duk da sanyin nan rigata ta jiƙe sharkaf. Bayan na sauke su a ƙofar gidansu na rasa yadda zan yi da makunnin. In kashe, na tona kaina. In bari, na riga na tonu. Na bar shi a kunne har asibiti.

Aka yi mata aiki, ta yi sati biyu a gidana. A cikin kwanakin na kai motar gun bakanike don wani gyara, na tambaye shi zancen esin baya. Ya yi dariya ya ce in dai na gaba na kunne, abin da na bayan ke ƙarawa bai taka kara ya karya ba.

Ranar da zan mayar da ita, tun kafin ta shiga na kunna mata. Mun kusa Gezawa na daure na ce, "Gwaggo, ranar nan fa esin ƙalau yake. Ƙarya na yi miki."

"Na sani," in ji ta. "Idona ne ba ya gani, kunnena ƙalau. Na ji lokacin da ka danna."

"Ki yafe min."

"Na yafe tun a hanya. Lokacin ne ya zo da wuya, kowa tattali yake. Amma da cewa ka yi mai ne ya yi tsada, da ni zan ce ka kashe har na gaban."

Na kasa ɗaga ido in dubi madubi. Can ta ce in sauke mata gilashi, tana son ganin gari. An yi ruwan fari kwana uku kafin nan, mutane sun fito shuka. Ta riƙa nuna min gonaki ɗaya bayan ɗaya tana faɗin masu su, tana mamakin yadda wasu suka tsufa a shekarun da ba ta gani.