Khal Ɗin Gonar Hajiya

Na yi shekaru ina tuƙa wa wani gida mota a Al Gharrafa, lokacin da ko'ina ka duba a Doha rusau ake yi ana sabon gini. Mutum uku ne masu faɗa a ji a gidan: Hajiya, wadda mijinta ya rasu tun kafin in zo ƙasar, babban ɗanta, wanda shi ne kafil ɗina, wato ubangidan da takardun zamana a ƙasar suke hannunsa, sai ƙanwarsa, malama a makarantar 'yan mata. Aikina kai yara makaranta ne da cefane, ranar Alhamis kuma in kai Hajiya gona.

Gonar tana arewa da gari, sai an saki kwalta an bi hanyar tsakuwa. Kakan mijinta ne ya haƙa rijiyar, ya dasa dabinon farko. Gidansa na dutse da laka yana nan, rabin rufin ya rufta, amma ɗakuna biyu na baya ba su taɓa daina aiki ba. A ɗaya ake jibge buhunan dabino a kan daɓe mai kwararo, nauyinsu da zafin ɗakin su matso zumar ta gangara cikin tukunyar da aka binne a lungu. A ɗayan kuma randuna ne manya jere da bango. A ciki ake jiƙa dabino, a liƙe bakin da laka, a bar shi har ya zama khal, ruwan tsamin nan da ake sa wa abinci.

Ba da yawa suke yi ba. Malamar ce ke ɗurawa a kwalabe, ta liƙa sunan gonar. A raba wa dangi, abin da ya saura in kai wa wani tsoho mai sayar da kayan yaji a kasuwar Souq Waqif.

Ɗakin randunan yana da doka guda: ba a buɗe randa sai Hajiya ta ce. Wata rana a mota ta faɗa mini dalili, da Larabcinta da nake tsinta da ƙyar. Ta ce kafin ruwan ya zama khal yakan bi ta wani hali da yake sa maye. In an ƙyale shi ya juya da kansa, halal ne. In aka sa masa hannu don ya yi sauri, ya lalace. Haka surukarta ta koya mata.

Shekarar da aka gyara kasuwar, gidajen abinci suka fara buɗewa a cikinta. Mai ɗaya daga cikinsu ya ɗanɗana khal ɗin a shagon tsohon, ya nemi kafil ɗina, ya ce yana son na bana gaba ɗaya kafin ranar buɗe wurinsa. Kafil ɗina ya amsa masa ba tare da ya tambayi kowa ba. Hajiya tana asibiti a lokacin, an yi mata aiki a gwiwa.

Wata safiya ya sa na loda katan-katan na khal ɗin kanti a bayan mota, ya ce yalla, mu tafi gona. Mai kula da gonar, wani dattijo Basudane, ya ce masa lokaci bai yi ba. Sau ɗaya ya faɗa, sannan ya je ya ɗauko guduma. Da aka fasa lakar randar farko, warin da ya taso na san shi, irin wanda ke bugun mutum in ya bi ta bayan tashar garinmu inda ake dafa burkutu. Saman ruwan duk kumfa. Kafil ɗina ya ja baya, ya toshe hanci da gefen rawaninsa. Dama wani ya faɗa masa cewa in aka zuba tsohon khal a kan sabo yakan juya da wuri, don haka muka bi randunan ɗaya bayan ɗaya muna zubawa. Basudanen ya kwaɓa sabuwar laka ya liƙe. Muka kama hanyar gida.

Da aka sallami Hajiya, ranar Alhamis ta farko ta ce a kai ta gona. Tana dogara sanda ta isa ƙofar ɗakin, ta tsaya. Tsohuwar lakar ja ce, daga wani rami a bayan rijiya ake ɗibarta. Wannan kuwa fara ce. Ta tambayi Basudanen, ya sunkuyar da kai. Ta juyo gare ni. Na ce mata mun zo, na faɗi abin da muka zuba. Ba ta yi faɗa ba. Ta ce a shimfiɗa mata tabarma a inuwa, a kira mata 'ya'yanta.

Bayan la'asar suka iso a mota ɗaya. Ɗan ya durƙusa ya sumbaci kanta, ya yi bayani mai tsawo a kan alkawarin da ya ɗauka da yadda sunan gonar zai fita.

"Yumma, ko ta yaya khal zai zama," in ji shi. Haka suke kiran uwa.

"An sa masa hannu," in ji ta. "A zubar."

Malamar ta sa baki, ta ce malamai sun yi saɓani a kan wannan, akwai waɗanda suka halatta. Hajiya ta ce ta sani, masu bin waɗancan su yi a nasu ɗakin.

Muka haƙa rami a bayan katanga. Ni da Basudanen muka fara kwasa da bokiti. Can sai kafil ɗina ya cire rawani, ya naɗe hannun farar rigarsa, ya karɓi bokiti ɗaya. Rairayi yana shanye ruwan nan take, dusar dabino ta taru a sama, ƙudaje suka rufe ta. Hajiya tana zaune tana jan carbi har muka gama. Randunan ta sa aka wanke, aka kife su a rana.

Mai gidan abincin ya samo khal ɗinsa a wani wuri. Tsohon mai kayan yaji ya tambaye ni kwalabe, na ce bana zuma kaɗai aka yi. Ya karɓi zumar.

A gida, uwa da ɗa suka ɗauki lokaci ba sa wuce gaisuwa. Da kakar dabino ta zagayo, Hajiya ta ba malamar makullin ɗakin, ta zauna a bakin ƙofa tana gaya mata yawan ruwan da za a zuba. Ɗan ya zo ranar, amma a ɗakin zuma ya wuni yana jera buhuna.

Ban ga buɗe waɗannan randunan ba. Kafin sanyi ya shiga yaran gidan suka koma makarantar da ke da motarta, kafil ɗina ya sa mini hannu a takardar canjin aiki na koma aikin gadi a wani kamfani. Daga baya na haɗu da Basudanen a masallacin Juma'a, ya ce Hajiya ta daina zuwa gona saboda ƙafar, amma ana kai mata ruwan kowace randa a ƙaramin kofi ta shinshina kafin a ɗura.