Ƙwallon Da Na Mayar

Shekarun baya, a shekarar da China ta karɓi Olympics, ina zaune a Guangzhou ina tura kaya gida daga kasuwar Canaan. Ina da wani abokina Bakano da ya shekara bakwai yana karatu a can. Wasu yare suka kwaso, wasu cin abinci da tsinke, shi kuwa abin da ya kwaso shi ne son besbol, wasan nan da ake jefo ƙaramar ƙwallo, a maka mata kulki, a ruga da gudu. Ya gama karatu, bizarsa saura wata guda. Ashe yana da wani buri kafin ya koma gida, wanda bai faɗa min ba sai da na ɓata shi: a manyan filaye, in ƙwallo ta faɗo cikin 'yan kallo, wanda ya cafe ta zama tasa. Ita yake so ya tafi da ita Kano.

Ya ce in raka shi Beijing a mota mu yi kallo. Muka aro tsohuwar motar wani laoban, wato mai shagon da nake sayen kaya a wurinsa, muka kama hanya cikin zafin nan mai danƙo. Shi ke tuƙi, ni aikina neman gidan abinci mai koren allo, na Musulmi. Mun tsaya a duwatsu, mun tsaya a tsofaffin masallatai, mun ɗau hoto a kan gadar Wuhan ina ta salati saboda faɗin ruwan. Duk inda muka sauka, wata ƙatuwar safar hannu ta fata tana rataye a ƙugunsa. Na yi ta tsokanarsa, ina cewa ko tukunya zai sauke. Murmushi kawai yake yi.

A Wuhan ɗin muka kalli wasan ɗalibai. Ban fahimci komai ba, sau biyu ina tafi ashe ɗan ɓangaren da muke goyon baya aka fitar. Abu ɗaya na lura da shi: in ƙwallo ta fita, sai a ɗauko a miƙa musu, don ƙwallayensu ba su da yawa.

Da muka kusa Beijing muka ajiye motar a wajen gari, don ba a barin baƙuwar mota ta shiga. A babban fili kuwa, abokina ya shafe awa biyu safa a hannu, ido a sama. Da la'asar ta yi ya ce, "Mutumina, riƙe min waje, bari in nemi lungu in yi salla."

Bai yi minti biyar da tashi ba, sai ga ƙwallo daga sama. Ta bugi kujerarsa, ta faɗo kan cinyata. Mutane suka hau tafi. Ni kuma da tarbiyyar ƙwallon layinmu, inda riƙe ƙwallon mutane ke jawo duka, na miƙe tsaye na saita, na wurga musu abarsu cikin fili. Har da ɗaga hannu. Wani dattijo a gefena ya dafe kai.

Abokina na dawowa na ba shi labari, ina jiran yabo.

"Ka yi me?"

"Na mayar musu mana. Kayan mutane ne."

Ya zauna a hankali. "Shekara bakwai fa, Malam. Shekara bakwai ina jiranta."

Sai a lokacin ya yi min bayani. Kunya ta rufe ni. Na ce ya yi haƙuri, muna komawa Guangzhou zan saya masa kwali guda. Ya ce, "Ta kanti ai kowa ma yana da ita." Mun ƙara kallon wasa biyu, ko kusa da mu ba ta sake zuwa ba.

A hanyar dawowa bai yi faɗa ba. Sai da muka sake hawa gadar Wuhan ya fashe da dariya, har yana dukan sitiyari. Ya ce, "Duk filin nan ta rasa inda za ta faɗa sai cinyar mai amana." Ranar da zai tashi ya bar min safar, ya ce in koya wa hannuna riƙo.

Abin ya tsaya min a rai. Na koma zuwa kallon wasa ni kaɗai, da safa a ƙugu kamar yadda nake masa dariya. Sai bayan shekara huɗu na samu guda, ita ma mirginowa ta yi ƙarƙashin kujerata. Na naɗe ta a leda na ba wani ɗan kasuwa mai zuwa Kano ya kai masa.

Har yau in na tuna nakan ga wautata, mutum ya yi dubban kilomita da ni, ban taɓa tambayarsa me ya kai shi ba. Tsokana kawai na iya. Yanzu in na ga aboki ya maƙale wa wani abu, tambaya nake fara yi.

Wata biyu da aika ƙwallon, ɗan kasuwar ya dawo, ya miƙo min ledata yadda na ɗaure ta. Ya ce, "Abokinka ya ce wai in ce maka kayan mutane ne."