Man Zaitun A Kan Katanga

Wata rana, a wani gida a Gusau, aka kira wata baiwar Allah falo, aka ce ta taho da kwanon abincin surukinta.

Mu kira ta Hansatu.

Shekararta shida da auren Tanimu. Tun da uwar mijinta ta rasu, ita ke yi wa mahaifinsa girki, kuma tsohon nan bai taɓa dawo mata da kwano da saura ba.

Sai hawan jini ya kama shi. Likita ya ce a rage gishiri, a rage manja. Babbar 'yarsa, Yaya Asabe, ta aiko da ƙaton gwangwanin man zaitun daga Abuja, ta bi shi da saƙo a waya: da wannan kaɗai za a riƙa yi wa Baba girki.

Iyakar bayanin ke nan fa. Ba ƙari.

Da farko lafiya lau. Bayan 'yan makonni sai kwano ya fara dawowa da rabi. Daga rabi ya koma cokali uku. Kafin a cika wata uku, Baba ya rame har agogonsa na zamewa daga hannu.

Hansatu ta rasa inda za ta sa kanta. Ta yi fate, ya dawo. Ta yi dambu, ya dawo. In ta durƙusa ta tambaye shi, sai ya ce, "Alhamdulillah, na ƙoshi."

Kun dai san halin dangi. Ba wanda ya zo ya taya ta wanke tukunya, amma kowa ya zama likita a waya.

Wannan ta ce ai tun da aka ware wa Baba tukunya abin ya fara. Waccan ta ce a bincika dai. Har wata ta fito fili ta faɗi kalmar da ke kashe aure: barbaɗe ake yi masa a abinci.

Maganar ta je kunnen Hansatu. Wallahi tsoro ya kama ta, don ta san irin wannan suna in ya manne wa mace, har 'ya'yanta sai sun gaje shi.

Ranar Asabar da hantsi sai ga Yaya Asabe, ba sanarwa. Ko mayafi ba ta cire ba ta sa aka tara mutanen gida.

Baba na kan kujerarsa. Tanimu na gefe. Ga ƙannen Tanimu mata biyu sun harɗe hannu.

Hansatu ta ajiye kwanon faten wake.

Yaya Asabe ta ɗebi cokali ɗaya ta kai baki. Take ta yamutse fuska, ta tofar a tafin hannunta.

"Hansatu, ki ji tsoron Allah. Me kike zuba wa mahaifinmu?"



Hansatu ta ɗaga ido ta dubi mijinta. Kalma ɗaya take nema daga bakinsa, ɗaya tak.

Tanimu ya sunkuyar da kai yana kallon ƙasa.

Hansatu ta juya ga Yaya Asabe. "Na rantse da Allah, Yaya, man da kika aiko ne kawai."

"Je ki kawo shi."

Kowa ya zaci kicin za ta shiga. Sai ta nufi tsakar gida. Yaya Asabe ta bi bayanta, saura suka biyo.

Can a kan katanga, cikin tsakiyar rana, ga robobin ruwa uku a jere cike da mai. Ɗaya daga ciki ma ba ta da marfi, leda aka toshe bakinta da ita. Yaya Asabe ta taɓa, robar ta yi zafi zau. Ta shinshina, ta kawar da kai. Warin tsohuwar gyaɗa.

"A nan kike ajiye shi?"

"A firji yake kwana, Yaya, don kada ya lalace. Da safe sai in tarar ya daskare, sai in fito da shi rana ya narke. Kamar manja."

"Kullum?"

"Kullum."

"Ba ki ji warin ba?"

"Na ji. Ban taɓa cin man zaitun ba, Yaya. Na ɗauka haka magani yake."

Innalillahi!

Ashe kulawa ce ta yi yawa. Gwangwanin ya mata nauyi, ta juye a robobi yadda take yi wa man gyaɗa. Wata uku rana na dafa man nan, iska na shiga, ita kuwa tana ta lallaɓa shi, ko ɗigo ba ta yarda ya shiga tukunyar gida.

Sai ga Baba ya dogaro sanda ya tsaya a bakin ƙofa.

"Asabe, ki rabu da 'yata. Na daɗe da jin ɗacin. Shiru na yi don kada a ce ta kasa."

Jikin Yaya Asabe ya yi sanyi. Ita ta sayi man, ita ta aiko, amma ko sau ɗaya ba ta ce ga yadda ake ajiye shi ba. A gaban kowa ta riƙe hannun Hansatu ta nemi gafara. Ƙannen nan biyu kuwa suka sulale ɗaya bayan ɗaya, wai sun bar tukunya a wuta.

A ranar aka zubar da man. Aka sayo ƙaramar kwalba mai duhu, aka sa a kabad nesa da murhu. Da la'asar Baba ya cinye faten dankalinsa tas, har ya nemi ƙari.

Hansatu na wanke kwanon sai Tanimu ya leƙo kicin yana sosa ƙeya.

"Ni fa dama na san ba za ki aikata ba."

Ba ta juyo ba.

"Da ka faɗa a falo."

Darasi:

Man zaitun ba manja ba ne. Rana, zafi da iska su ke lalata shi. Ku bar shi a gwangwaninsa ko a kwalba mai duhu, ku rufe gam, ku sa a kabad mai sanyi nesa da murhu da taga. Kada ku sayi wanda ya fi ƙarfin buƙatarku, kuma in ya canza wari, ku haƙura da shi.

In ka ba mutum abin da bai saba da shi ba, ka haɗa masa da bayani. Kafin ka zargi mai hidima, ka tambaye ta yadda take yi.

Kai kuma maigida, in ka san gaskiyar matarka, ka faɗa lokacin da ake tuhumarta. Bayan an wanke ta, shaidarka ba ta da amfani.

Ku tura wa 'yan uwa. Na tabbata yanzu haka akwai wata robar a kan wata katangar.