Ranar da aka kafa mana akwatin intanet

'Yata ta fari ban taɓa kiran sunanta ba har ta kai shekara talatin. Haka na tashi na ga ana yi a gidanmu: uwa ba ta ambaton sunan ɗan fari, ba ta yi masa wasa a gaban mutane. Da aka yaye ta, surukata ta ɗauke ta zuwa Bromakoté, can Adjamé, mu kuwa muna Treichville kusa da tashar jiragen ruwa, inda maigida ke fiton kaya. Kakarta take kira Inna, ni kuma Tanti, kamar yadda yaran Abidjan ke kiran kowace mace. Idan aka kawo ta ranar Juma'a, sai in zuba mata abinci in tura ta wajen ƙannenta, in koma madafa ina leƙenta ta taga.

Ta yi karatun jinya, aiki ya kai ta Turai. Daga can ne ta sa aka zo kafa mana akwatin intanet, wai kiran waya yana yankewa, tana so ta riƙa ganin gida.

Ranar wata Talata ce da damina, bayan azahar, maigida yana wajen aiki. Da aka buga ƙofa na ɗauko mayafi, sai na ga mace ce, da rigar aiki da tsani a kafaɗa. Hankalina ya kwanta. Hausa ba ta ji, muka haɗa Faransanci da ɗan Julancin kasuwa. Ta hau tsani ta jawo wata waya siririya kamar zaren ɗinki daga jikin falwaya, ta huda gefen taga ta shigo da ita. Ta gargaɗe ni kada a lanƙwasa ta, wai gilashi ne a ciki. Na so a ɓoye akwatin a bayan kabad saboda ƙura, ta ƙi. Ta ce sai a sama, a sarari, nesa da madafa da bango mai kauri. Ta yi ta zagaya falo da wayarta a hannu, a ƙarshe ta kafa shi daidai saman inda nake shimfiɗa darduma.

Fitilar akwatin ta tsaya a ja. Ta zauna a tabarma da kwamfutarta a cinya, ta kira ofishinsu don su buɗe layi. Na kawo mata acake, wato dambun rogo, da soyayyen kifi, na ce, “Ci, 'yata, aiki ba ya gudu.” Sai bayan maganar ta fita na ji nauyinta. Baƙuwar da ban sani ba na kira 'yata ba tare da ko ɗar ba.

Can ta ɗago ta ce ofis na son a tabbatar da sunan wadda ta yi odar. Na ce ai yarinyar gidan nan ce, wadda ke Turai. Ta ce ta sani, sunan take so. Na ce yana cikin takardarta. Ta dube ni tana dariya, ta tambaya ko na manta sunan 'yata ne. Na yi mata bayanin al'adarmu iyakar Faransancina. Ta karanto sunan da kanta, na gyaɗa kai.

Dariyar ta tsaya. Tana danna kwamfuta ba ta kalle ni ba ta ce 'yar tawa ta kira ta har sau biyu a kan aikin nan.

“Mama, cewa ta yi in saita miki wayarki yadda dannawa ɗaya zai isa. Ta ce ko da haka ba ta zaton za ki kira ta, ita ce dai za ta riƙa kira.”

Na tashi kamar zan duba tukunya, alhali babu komai a wuta. Shekara da shekaru ina ganin kunyar nan ita ce ƙauna mafi girma, ina sa yarinyar nan a addu'a kafin kowa. Ashe ita da ta tashi cikin yaran da iyayensu ke rungumarsu a bakin makaranta, wani abu daban take karantawa a shiruna. Ban ce iyayenmu sun yi kuskure ba, Allah ya jiƙansu. Su a garinsu kowa ya san ma'anar shirun. A nan ba wanda ya fassara mata.

Da na dawo fitila ta zama koriya. Matar ta ce saura kalmar sirri, in zaɓi abin da ba zan manta ba. Ta miƙo mini kwamfutar. Da yatsa ɗaya na rubuta sunan, harafi bayan harafi, ta ƙara wasu lambobi a baya ta rubuta mini a takarda. Ta haɗa wayata da akwatin, ta nuna mini inda zan taɓa, ta ɗauki tsaninta ta tafi kafin ruwa ya sauko.

Na yi la'asar, na zauna a kan dardumar, na taɓa wurin. Fuskar 'yar tawa ta fito tar, da rigar asibiti, ta rame kaɗan. Ta firgita, ta tambaya ko lafiya, ko wani abu ya sami babanta. Na ce lafiya lau, gwaji nake. Muka yi maganar ruwan sama da tsadar kifi. Ta ce in ba ta kalmar sirrin ta ajiye saboda ranar da za ta zo hutu.

Na ce, “Sunanki ne.”

Ba ta ce in faɗa ba, ta san ni. Ta dai sunkuyar da kai tana gyara wuyan riga, ta ce, “To, Tanti, zan koma aiki.”

Na kalli bango, na kira sunan. Ta ɗago a hankali, da Hausarta da ta cakuɗe da Faransanci ta amsa:

“Na'am.”

Ban tanadi abin da zan ce bayan nan ba. Sai na tambaye ta ko ta ci abinci.