Dattijo Mai Yatsu Takwas

Ranar kasuwa ce a Azru. Ina shagon Buzid mai kayan farauta, ina jiran man goge bindigar marigayi kakana, sai ga wani dattijo da jallabiyar ulu mai ƙaurin hayaƙi. Hannunsa na hagu yatsu uku ne kacal.

Yana jera tsofaffin kwansayen harsashi da zai sake ɗurawa, kusa da wani guntun ƙaho, ma'auninsa na albarushi. Ga alama aladen daji ne suka addabi gonarsa, don dankali yake ta ambata.

"Baba, ɗauki sabon albarushin nan," in ji Buzid. "Ba hayaƙi, ga ƙarfi. Naka na zamanin kakanni ne, alade sai dai ya yi atishawa ya wuce."

Dattijon ya ɗebi baƙin albarushin da ya saba, yana murzawa a tafi, yana sunsunawa kamar mai sayen shayi.

Na san dalilinsa. Kakana ya sha faɗa mana cewa ƙahon da ya auni tsohon albarushi, in aka cika shi da sabo, bindiga tarwatsewa take yi a hannun mai ita.

"Tsoro kake ji?" in ji Buzid, yana dariya.

Dattijon ya ɗaga hannun hagu.

"Mai shagon da ya riga ka ma haka ya ce, ɗana. Zuba mini tsohon. Sauran takwas ɗin ina da aiki da su."